Ajiyar Irin Tsami a Kwarin Gulbin Maraɗi: Daga Gindin Tukunya Zuwa Kwalbar Agar

1.0 Gabatarwa

Safo gari ne da ke kudu da birnin Maraɗi, a cikin gundumar Madarumfa, a bakin kwarin da Gulbin Maraɗi yake ratsawa bayan ya taso daga ƙasar Katsina. Ƙasa ce ta manoma. Ana shuka dawa a fadama, ana shuka gero, wanda mutanen wurin suka fi kira hatsi, a kan jigawa. Duk inda ake noman dawa da gero a Afirka ta Yamma kuwa, akan sami abinci da abin sha da ba su yiwuwa sai an bar su sun kwana sun yi tsami, ko sun tashi sun yi kumfa. Koko da masa da funkaso da kindirmo duk suna cikin wannan rukuni, haka ma giyar dawa, wadda a zamanin da take da babban matsayi a al'adun Anna na wannan kwari.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin wata matsala guda da ta haɗa waɗannan abubuwa duka, watau yadda ake ajiye abin da ke sa tsamin da tashin, daga wannan dahuwa zuwa ta gaba, ba tare da ya mutu ko ya ɓaci ba. Za a duba yadda matan ƙasar Hausa da maƙwabtansu suka warware matsalar da kayan ɗakinsu, da yadda masana a Turai suka warware ta a ƙarshen ƙarni na 19 da siririyar kwalba da wani abu mai suna agar. Daga nan za a ga abin da ya sami hanyar gargajiya a ƙarni na 20, da abin da ke shirin salwanta tare da ita.

2.0 Kalmomi

Kalmar yis, ko yisti, aro ce daga Ingilishi, kuma ba ta shigo Hausa ba sai da burodi ya shigo. Amma rashin suna guda bai hana Hausawa sanin aikin abin ba, domin kalmomin da suke amfani da su sun nuna yadda suka fahimce shi. Akan ce ƙullu ya kwana, ya tashi, ya kumbura. Akan ce nono ya yi barci, ko ya kama. Akan ce giya ta nuna, kamar yadda ake faɗa wa ɗan itace da amfanin gona. Yawancin waɗannan aikatau na abu mai rai ne. Bugu da ƙari, matan da ke haɗa kindirmo sukan kira ɗan ragowar jiya da ake zubawa a cikin sabuwar madara da suna iri, watau kalmar da manomi yake amfani da ita ga zangarniyar da ya ware don shukar baɗi. A wannan maƙala za a yi amfani da irin tsami a matsayin suna na gaba ɗaya ga duk abin da aka ajiye don tayar da sabuwar dahuwa.

Kalmar Anna kuma ita ce lafazin Hausar yamma na kalmar da wasu ke cewa arna ko azna, inda baƙin farko ya naso cikin na biyu. A kwarin Maraɗi kalmar tana nufin zuriyar manoma da maharba da maƙera ƴan asalin wurin, masu riƙe da tsafin gado. A ƙasar Kano da Katsina ana kiran irinsu Maguzawa. Giyar da suke dafawa da tsiron dawa ita ce aka fi sani da burkutu.

3.0 Matsayin Giya a Tarihin Ƙasar

Dafa giya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya jero manyan mutanen zamanin Barbushe kowa da sana'arsa, ya ambaci maƙeri da mai magani, ya kuma ambaci Bugazau a matsayin mai dafa giya. Da Musulunci ya kafu a birane, sai malamai suka tsaya a kan haramcinta. Wasiƙar da Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wajen 1492 ta sa shan giya cikin abubuwan da ya wajaba sarki ya hana. Duk da haka, a ƙauyuka da dazuzzuka sana'ar ta ci gaba a hannun waɗanda ba su musulunta ba.

Kwarin Maraɗi yana da nasa tarihi dabam a wannan fanni. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira zuwa arewa. Wajen 1819 mutanen kwarin suka yi wa wakilin Fulani tawaye, suka karɓi Ɗan Kasawa, aka kafa sabuwar sarautar Katsina a Maraɗi. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri a 1836. Sarakunan nan Musulmi ne, amma sun zauna a ƙasar Anna da goyon bayan Anna, kuma yaƙinsu da Sakkwato bai bar su sun ɓata da masu noma musu abinci ba. Saboda haka al'adun gado suka daɗe a wannan kwari fiye da yadda suka daɗe a wurare da yawa na daular Usmaniyya.

Masana biyu ƴan Faransa sun yi aiki mai zurfi a nan a shekarun 1960 da 1970. Guy Nicolas ya rubuta littafinsa na 1975 a kan tsarin zaman Hausawan kwarin, inda ya bayyana dangogin Anna da bukukuwansu, musamman bikin dubu, wanda manomin da ya tara dami dubu yake yi don ya zama sarkin noma. Claude Raynaut kuma ya zauna a Sumarana, kusa da Safo, ya yi nazarin noman lambu da zamantakewar ƙauyen. A ɓangaren Nijeriya, Joseph Greenberg ya yi bincike a cikin Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, Jerome Barkow kuma ya buga nasa nazarin a 1973. Abin da ya fito fili daga ayyukan irin waɗannan masana shi ne, giya tana shiga sha'anin yanka da tsafin gida, da biki, da gayya, kuma mata ne masu dafa ta. A cikin Maguzawa, sayar da ita hanya ce da mace take samun kuɗin kanta.

4.0 Yadda Tsami Yake Aiki

Ba za a fahimci wahalar ajiyar iri ba sai an san matakan dahuwar. Akan jiƙa dawa kwana ɗaya ko biyu, a shimfiɗa ta a rufe da ganye har kwana huɗu ko biyar ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. Tsiron nan shi ke ɗauke da sinadarin da ke juya garin dawa ya zama sukari. Akan dama garin da ruwa, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasa, sa'an nan a sake haɗa su. A wasu wurare akan sa yauƙin kuɓewa ko na dargaza don ruwan ya kwanta da kyau. Daga nan akan bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake tafasa shi na sa'o'i, a bari ya huce.

Tsamin farko aikin wasu ƙwayoyin halitta ne irin waɗanda ke juya madara ta zama nono. Tafasar ƙarshe tana kashe su, tana kuma kashe duk wani abu mai rai da ke cikin tukunyar. To a nan ne ake bukatar iri. Abin da ke cikinsa shi ne yis, wata ƙwayar halitta dangin naman kaza, wadda girmanta bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 1,000 na milimita ba. Masana suna kiran babban jinsinta Saccharomyces cerevisiae. Tana cin sukari, tana fitar da iska da abin maye, tana hayayyafa ta hanyar fitar da toho a jikinta, kuma idan ta sami abinci da ɗumi takan ninka yawanta cikin sa'a biyu ko ƙasa da haka. Iskar ita ce kumfar giya, ita ce kuma ramukan da ake gani a cikin masa da burodi.

Burkutu ba ya ajiyuwa. Ana shan sa yana cikin tashi, kuma bayan kwana biyu ko uku wasu ƙwayoyin dabam sukan juya shi ya yi kaifin tsami har ya ƙi shawuwa. Binciken da S. I. Faparusi da abokan aikinsa suka buga a Nijeriya a 1973 ya bi diddigin yadda ƙwayoyin suke maye gurbin juna a cikin tukunyar burkutu. Ke nan mai dahuwa tana da ƴan kwanaki kaɗan da za ta ceci irinta kafin ya lalace tare da ragowar giyar.

5.0 Hanyoyin Ajiya na Gargajiya

Hanya ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce ɗiban wani abu daga dahuwar da ta gabata a zuba a sabuwa, musamman gwiɓar da ta kwanta a gindin tukunya, domin a nan yis yake taruwa. Ita ce hanyar mai kindirmo da mai masa. Sharaɗinta shi ne kada aikin ya yanke. Matar da take dahuwa kowace kasuwa irinta ba ya tsufa. Wadda ta yi jego ko tafiya ko takaba kuwa, sai ta aika maƙwabta a sammata. Wannan ya sa iri ya zama abin da unguwa ko dangi suka yi tarayya a kansa, kamar yadda ake ɗiban wuta daga gidan da murhunsa bai mutu ba.

Hanya ta biyu ita ce barin iri a jikin mazubi. Tukunyar ƙasa da ƙwarya da ludayi suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma yis yakan maƙale a ciki. Shi ya sa akan keɓe ƙwaryar nono da tukunyar tsami, ba a yin wani aiki da su, ba a kuma cuɗa su da wanki mai tsanani. Abin da baƙo zai ɗauka ƙazanta ne, a haƙiƙa rumbun iri ne.

Hanya ta uku ita ce shanyawa, kuma an fi rubuta bayaninta a ƙasashen da sana'ar take da ƙarfi har yanzu. A Burkina Faso, Mosawa masu dafa dolo sukan kwashe kumfa da gwiɓa su shanya, su sami busasshen iri da suke kira rabile, wanda ake sayarwa a kasuwa, har ma ana sa shi a miya. A arewacin Gana masu dafa fito suna da wata saƙaƙƙiyar ɗamara ta zaren tsiro, wadda ake tsomawa a cikin giya mai tashi, a rataye ta bushe, a sake tsoma ta a sabuwar dahuwa. A arewacin Benin akwai irin wannan dabara a wajen masu cukutu. Abin sha'awa shi ne manoman yammacin Norwe, a can arewacin Turai, su ma sun daɗe suna shanya irinsu a jikin wata zoba ta katako, ba tare da sun san da mutanen Gana ba.

Yanayin ƙasa yana da hannu a cikin wannan. Busasshen yis yana iya yin watanni a raye, muddin bai jiƙe ba kuma zafi bai yi masa yawa ba. Iskar hunturu tana shanya shi da sauri. Bazara kuwa, wadda a Maraɗi zafinta yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, tana rage masa ƙarfi, damina kuma tana kawo masa fumfuna. Kowace shekara ke nan iri yana da lokutan haɗari, kuma ana tsallake su ne da yawan hannuwan da ke riƙe da shi.

Ya kamata a lura da cewa irin gargajiya taron halittu ne. A cikinsa akwai yis iri-iri, akwai kuma ƙwayoyin tsami. Kowace mai dahuwa, ta wajen zubar da tukunyar da ta ɓaci da riƙe wadda ta yi daɗi, tana yin zaɓe ne, kamar yadda manomi ke zaɓen zangarniya. Bayan ɗaruruwan shekaru, wannan zaɓe ya bar alama. Wani babban bincike a kan ƙwayoyin gadon yis na duniya da Gianni Liti da abokan aikinsa suka buga a 2009 ya gano zuriyoyi biyar masu tsabtar asali, ɗaya daga cikinsu kuwa ta Afirka ta Yamma ce.

6.0 Kwalbar Agar

A Turai ma, har tsakiyar ƙarni na 19, masu giya da masu burodi suna ajiye iri ne ta hanyar ɗiban na jiya. Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ga ƙwayoyin yis da madubinsa tun 1680, amma sai a 1837 Cagniard de la Tour a Faransa da Theodor Schwann a Jamus suka nuna cewa masu rai ne. Louis Pasteur ya tabbatar a 1857 cewa tsamin madara aikin halitta ne, a 1876 kuma ya buga nazarinsa a kan giya, inda ya nuna cewa ɓacinta yana zuwa ne daga baƙin ƙwayoyi da suka shiga cikin iri.

Saura yadda za a ware ƙwaya guda daga cikin taro. A cikin ruwa kowa yana cuɗanya da kowa. Robert Koch a Jamus ya nuna a 1881 cewa idan aka shuka ƙwayoyi a kan daskararren abu, kowace takan tsaya inda ta faɗa ta yi nata tsibi. Ya yi amfani da daskararren romon ƙashi da fata, amma wannan yana narkewa tun kafin zafi ya kai digiri 30, wasu ƙwayoyin kuma suna cinye shi. Mafita ta fito ne daga ɗakin girki. Fanny Angelina Hesse, matar wani likita mai suna Walther Hesse, ta ba da shawarar a gwada agar, abin da take daskarar da kayan zaƙi da shi, wanda ta koya daga wasu maƙwabta da suka taɓa zama a tsibirin Jawa. Agar ana samun sa ne daga wata ciyawar teku, mutanen Japan suna sarrafa shi tun ƙarni na 17, sunan kuma daga harshen Malay yake. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, ba ya daskarewa sai ya sauko wajen 40, kuma yawancin ƙwayoyi ba su iya cin sa. Koch ya ambaci amfani da shi a 1882.

A 1883 Emil Christian Hansen, masanin kamfanin Carlsberg a ƙasar Danmak, ya ware ƙwayar yis guda ɗaya, ya hayayyafa ta, aka dafa giya da zuriyarta kaɗai. Mai kamfanin, J. C. Jacobsen, ya raba wannan iri kyauta ga sauran masu sana'ar. Tun daga nan masana'antu suka fara rabuwa da irin taro.

Hanyar ajiyar da ta biyo baya ita ce wadda za a iya kira gangaren agar. Akan dafa ruwan tsiro da agar kimanin kashi 2 cikin 100, a zuba kaɗan a siririyar kwalba, a toshe bakinta, a turara ta a tukunyar matsi a zafin digiri 121 har minti 15 don kome ya mutu. Sai a jingine kwalbar a karkace har abin ya daskare, ya ba da fuska mai gangare, wadda ta fi faɗin bakin kwalbar. Akan ƙona ƴar waya mai lanƙwasa a wuta, a bari ta huce, a lakato yis, a ja shi a kan gangaren. Bayan kwana uku ko huɗu farin tsiro ya bayyana, sai a sa kwalbar a firji a sanyin digiri 4. A haka yakan yi wata uku zuwa shida kafin a sake shuka shi a sabuwar kwalba. Idan ana bukatarsa, akan lakato kaɗan a sa a ɗan ruwan tsiro, a yi ta ƙara masa abinci mataki-mataki har ya isa tayar da babbar tukunya. Wannan ita ce hanyar da masu dahuwar gida a Turai da Amurka suka ara daga ɗakunan bincike, suna bin ta har yau.

Ita ma tana da aibinta. Yawan sake shuka yana sa halin yis ya sauya a hankali, kowace buɗe kwalba kuma ƙofa ce ga baƙuwar ƙwaya. Don haka manyan ma'ajiyoyi, kamar wadda aka kafa a Holan a 1904, wadda tun 2017 ake kira Cibiyar Westerdijk, suka koma ga daskarewa a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ko 196 ƙasa da sifili, inda iri yake yin shekaru masu yawa bai sauya ba.

Afirka ta shiga wannan tarihi tun da wuri. A 1893 Paul Lindner a Jamus ya ware wani yis daga giyar gero ta Afirka ta Gabas, ya sa masa suna Schizosaccharomyces pombe, daga kalmar pombe, watau giya a harshen Suwahili. Da wannan jinsi ne Paul Nurse na Ingila ya yi binciken yadda ƙwayar halitta ke rabuwa, aikin da ya sa ya sami rabo a kyautar Nobel ta 2001, wanda kuma yake da muhimmanci ga fahimtar ciwon daji. 

7.0 Yankewar Sarƙa

Dokokin Turawan mulkin mallaka ba su ne suka kashe dahuwar gida ba. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, kuma Arewacin Nijeriya ya zama yankin hani. Amma wannan ya shafi barasar kwalba ce. Abin da ya sauya kwarin Maraɗi ya fito ne daga ciki. Noman gyaɗa na sayarwa ya sa kuɗi ya shiga tsakanin uba da ɗa, gandu ya fara rarrabuwa, tsafin gida kuma ya dogara ne a kan gandu. Bayan ambaliyar 1945 an mayar da birnin Maraɗi kan tudu, ya bunƙasa ya zama cibiyar alhazan ƴan kasuwa, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a 1986. Saurayin ƙauye mai neman shiga fatauci ko neman aure a gari ya ga hanyarsa tana cikin Musulunci. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun sa dawa ta yi tsadar da ba a iya juya ta giya, dami dubu kuma ya zama labari. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta sami mabiya a Maraɗi cikin shekarun 1980. A Nuwamban 2000, shekarar da jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a, masu zanga-zanga a Maraɗi sun far wa gidajen giya.

Sakamakon wannan duka ga irin tsami a bayyane yake. Hanyar gargajiya tana rayuwa ne da yawan masu riƙe da ita. Idan gidaje ashirin suna dahuwa, mutuwar iri a gida ɗaya ba kome ba ce. Idan suka koma biyu, bazara guda ta isa ta ƙare zuriyar da aka yi ta miƙawa tun kaka da kakanni.

Abincin halal ma bai tsira ba. Kamfanin Lesaffre na Faransa ya fito da busasshen yis mai saurin tashi a 1973, kuma irin wannan yis na leda ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Mai masa da a da take barin ƙullunta ya kwana da ragowar jiya, yanzu tana iya sayen ƙulli guda ta gama cikin ƴan sa'o'i. Ta sami sauƙi, amma ɗanɗanon ya zama ɗaya daga gari zuwa gari, kuma kuɗin yana fita waje. Wani abin lura shi ne, lokacin da Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun giya sun koma ga dawar ƙasar Hausa, amma irin da suke tayar da ita na kwalbar ɗakin bincike ne, zuriyar Turai.

8.0 Kammalawa

Hanyoyin nan biyu kowace ta jingina ne a kan wani abu da zai iya gushewa. Ta gargajiya ta jingina a kan jama'a da ci gaban aiki. Ta kwalba ta jingina a kan firji da wutar lantarki, abin da ba shi da tabbas a yankin da wutarsa take zuwa ta layin da ya taso daga Katsina, kamar yadda aka gani lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Har ila yau, kwalba tana ajiye ƙwaya guda ce, alhali ɗanɗanon masa da kindirmo aikin taro ne, saboda haka mai ajiya sai ya ware kowace ƙwaya dabam, ya kuma rubuta yadda ake haɗa su.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, kuma shi ne mafi yawan mutanen Safo suke bi a yau. Amma yis ba giya ba ne. Zuriyar da ta saba da dawa da zafin kwarin Maraɗi dukiya ce irin ta irin shuka, tana iya amfanar mai burodi da mai masa da mai bincike. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da reshe a Tarna, a gefen Maraɗi, inda ake aikin irin gero da dawa da wake. Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana da sashen kimiyya. Tsakanin waɗannan wurare da ƙauyukan Safo tafiyar ƴan mintoci ce.

Ga masu nazarin harshe kuma akwai aikin da ya hau kansu. Sunayen matakan dahuwa, da na mazubai, da kalmomin da ake bambanta tsami mai kyau da ɓatacce, suna bakin tsofaffin mata ne, kuma kalmar sana'a ba ta daɗewa bayan sana'ar. Wanda zai je ɗibar gwiɓa da kwalbarsa ya kamata ya tafi tare da mai rikoda da littafi, a rubuta sunan ƙauye, da irin hatsin, da lokacin shekara, da abin da mai tukunyar ta kira abin da ta bayar.